Injin Gahawa a Falon Alhaji Nata'ala

Tun da Alhaji Nata'ala ya dawo Ƙanƙara daga taron dillalan taki a Abuja, shayin gidansa ya zama abin raini a wurinsa. Shayin nan dai da ya manyanta yana sha, mai citta da kanumfari, wanda sai an tula masa madara da sukari kafin ya ce ya yi, shi ne yanzu yake kurɓa yana yamutsa fuska kamar an ba shi jiƙon maɗaci. Wai a otal ɗin da aka sauke su akwai wani inji a kan tebur, ka danna shi da yatsa ɗaya, ya yi gurnani, ya tsiyayo maka gahawa mai kumfa. Wai manyan mutane ba sa buɗe baki da safe sai sun sha.

Matarsa Suwaibatu ta ji labarin injin nan har ta haddace wuraren da Alhaji ke tsayawa ya ja numfashi. Ta ji yana ba ta, ta ji yana ba mutanen majalisarsa, ta ji yana ba wani a waya. Abin da ba ta taɓa jin ya maimaita wa kowa ba shi ne wanda ya faɗa mata ranar da ya dawo, yana dafe da ƙirji, cewa abin ya hana shi runtsawa, zuciyarsa ta yi ta bugu har ya ɗauka ajali ne ya biyo shi Abuja. Ba ta tuna masa ba. Ta daɗe da sanin cewa mijinta da idon mutane yake ɗanɗana abinci.

Da abin ya tsaya a labari, da babu ruwanta. Amma wata rana da hantsi sai ga Salahuddeen, mai shagon kayan lantarki a Funtuwa wanda Alhaji ya saba sayayya a hannunsa, ya sauke kwalaye uku a falon baƙi. Alhaji ya leƙo cikin gida ya ce ta yafa mayafi ta zo. Ta san ba shawara ake nema ba, 'yar kallo ake so.

Na farko ƙato ne baƙi mai sheƙi, da fitilu a goshinsa. Ana zuba masa ƙwayar gahawa ta sama, shi zai niƙa, shi zai dafa, shi zai tsiyayo, sai dai kofi ɗaya-ɗaya. Na biyu ƙarami ne ja, ba ya cin komai sai wasu 'yan mitsi-mitsin gwangwanaye da sai an aiko daga Abuja, in sun ƙare ya zama kayan ado. Na ukun kuwa shi kansa Salahuddeen da ƙafa ya turo kwalin. Wata babbar buta ce ta ƙarfe mai ƙugu, a zuba ruwa a ƙasa, gari a tsakiya, a ɗora a kan gas. Ba waya, ba fitila.

"Wannan kuma mi ya kawo ta?" in ji Alhaji. "Buta zan saya? Butoci nawa ke gidan nan, har da ta bayan gida?"

"Na dai haɗo ne, Alhaji. Ta kan ɗauki na mutane da yawa a dafawa ɗaya."

"Maida ta kwali. Kunna mani babban."

Salahuddeen ya jona babban a soket. Fitilu suka kama, inji ya fara gurnani, Alhaji ya juya ya dubi matarsa don ya ga ko ta firgita. Sai ga wata ƙara mai tsini daga lungun da aka ajiye kayan sola, fanka ta tsaya, komai ya ɗauke.

Wutar Nepa a unguwarsu sai dai a ba yara labarinta. Gidan gaba ɗaya da sola yake rayuwa, kuma babban abin da ke kan solar nan shi ne firizar Suwaibatu.

Suwaibatu 'yar Sabuwa ce. Gonar da ta gada wurin mahaifinta tana can bayan gari, inda yanzu, saboda 'yan bindiga, ba mai zuwa sai wanda ya gaji da ransa. Da ta ga gonar ta fi ƙarfinta, ta sa ƙaninta ya sayar da awakinta, ta sayi firiza. A ciki take daskarar da zoɓo da kunun aya, mata su zo su sara su kai tasha da bakin kasuwa. Da abin da firizar ke kawowa take aika wa tsohuwarta hatsi da maganin hawan jini, ba tare da ta durƙusa gaban kowa ba. Ba ta manta yadda ake yi a da ba. Alhaji ba ya hanawa, wannan kam ba za ta yi masa ƙarya ba, amma duk kwanon masarar da ya aika Sabuwa sai majalisa ta san da shi, har a yi masa addu'a da ƙarfi tana ji daga kicin.

"A kashe firiza," in ji Alhaji.

"Alhaji, yanzun nan na loda ta."

"Na ɗan lokaci ne."

Salahuddeen ya sosa ƙeya. "Gaskiya, Alhaji, inbatar solar nan ba za ta ɗauki biyun tare ba. Ko wannan, ko waccan."

"To ai da sauƙi. Da safe in zan sha, a kashe ta. In majalisa ta zauna daga la'asar, a kashe ta sai an watse."

Suwaibatu ba ta buƙatar mai yi mata bayani. Batiran sun tsufa, da dare dama firizar a kashe take kwana. In aka cire mata safiya aka cire yamma, ɗan tsakiyar ranar da ya rage ba zai daskarar da ko ruwan kofi ba, balle kunun aya da ba ya jure ɗumi.

"In aka yi haka ai sana'ata ta mutu, Alhaji."

"Wace sana'a? Ruwan leda?" Ya yi dariya yana duban Salahuddeen don ya taya shi. "Suwaiba, ana maganar ci gaba kina maganar zoɓo. In tsohuwa na buƙatar wani abu, ba ga ni ba?"

Wannan "ba ga ni ba" ɗin shi ne ya fi ƙona mata rai. Ta je ta zare wayar firiza da hannunta, ta dawo ta tsaya bakin ƙofa. Inji ya niƙa, ya yi huci, ya ɗiɗɗigo baƙin ruwa a kofi, a hankali kamar mai rowa. Alhaji ya kurɓa. Ta ga maƙogwaronsa ya yi kokawa da abin, ta ga idonsa ya kawo ruwa.

"Madalla! Shi ne. Wallahi shi ne."

Aka tsaya a kan Salahuddeen zai bar duka ukun, Alhaji ya gwada, bayan ranar kasuwa ya dawo ya kwashi waɗanda ba a zaɓa ba.

Suwaibatu ta koma kicin. Gardama da Alhaji kamar zuba wa siminti ruwa ne, ƙara taurara shi take yi. Kicin ɗinta na manne da falon baƙi, akwai 'yar taga a tsakani da ake miƙa abinci, kuma ta nan ta shafe shekaru tana sauraron majalisar nan har ta san ta fiye da masu zama cikinta. Ta san yadda shayi ke fita: fulas babba, faranti cike da kofuna, wanda ya fi kowa ƙuruciya a wurin shi zai zuba, a cika duka kofunan, faranti ya zagaya, kowa ya ɗauka kusan tare, ba wanda zai ce an fifita wani a kansa. Alhaji kuwa yana kishingiɗe a kujerarsa, ko cokali ba ya ɗagawa. Ta tuna da wannan, ta kuma tuna yadda injin ya ɗiɗɗigo kofi guda tal bayan duk gurnanin nan.

Washegari tana ajiye masa kunu ta ce, "Alhaji, na yi tunani. Babban nan shi ya dace da kai."

Ya ɗago, fuska ta washe. "Yanzu kika yi magana."

"Tsorona ɗaya ne, hannun mutane. Ka ga abin da aka yi wa rimot ɗin talabijin. Kuma kayan nan har yanzu amana ne, ba ka riga ka saya ba."

"Wa zai taɓa? Ai ba mai danna shi sai ni. A otal ma na ga yadda ake yi."

"To, Alhamdulillahi. Da so samu ne ma, ranar kasuwa za ka buɗe shi, da mutane sun cika."

"Haka na shirya dama," in ji shi, alhali ta ga lokacin da shawarar ta shiga kansa.

Da ya fita shago ta kira Hajaratu a Faskari. Hajaratu matar Gide ce, Gide kuwa ɗan kawun Alhaji ne, taubashinsa, bafataken shanu da ba ya fashin kasuwar Ƙanƙara. Wasan taubasantaka ya ba shi izinin faɗa wa Alhaji duk abin da ya zo bakinsa a gaban kowa, Alhaji bai isa ya yi fushi ba, kuma bakin Gide ba ya dawowa gida da saura. Bayan gaisuwa da tambayar yara, Suwaibatu ta ce, "Ki ce wa Malam Gide in ya shigo kasuwa kada ya wuce bai ga abin da ɗan'uwansa ya kawo ba." Ta kashe wayar.

Ranar kasuwa, ana sallame la'asar, ta zare wayar firiza ba tare da an ce mata ba. Akwai kunun ayar da ta ƙulla don masu sarin yamma, ta rufe murfin a kansa ta danne zuciyarta. Ta jawo kujera 'yar tsugunno kusa da taga, ta ɗauki farantin shinkafa kamar mai tsinta.

Falo ya cika fiye da kullum, don Alhaji ya baza labari. Ga Liman, ga Malam Yahuza tsohon hedimasta, ga Alhaji Sanusi shugaban 'yan hatsi, ga sauran 'yan amshin shata. Gide ya zauna can gefe, ƙafafu a miƙe, yana cin goro. Alhaji ya sha babbar riga mai aiki, ya tsaya gaban inji kamar mai shirin kiran salla. Ya danna. Inji ya yi gurnani.

"Ikon Allah," in ji Liman.

Kofin farko ba shi da wahala, na Liman ne. Alhaji ya kai masa da hannu biyu, ya koma ya sake dannawa. Kowa na jira. Da na biyu ya cika, ya ɗauko, ya juyo, sai ya tsaya cak a tsakiyar falo. Malam Yahuza na dama, ya girme shi, ya koyar da rabin garin. Alhaji Sanusi na hagu, shi ke da bakin magana a kasuwa. Ta cikin tagar Suwaibatu ta ga ya dubi dama, ya dubi hagu. Ya miƙa hagu.

"Ba komai," in ji Malam Yahuza, yana gyara tabarau. "Mu malaman makaranta mun saba da layi. Ko a fansho haka ake mana."

"Naka na tafe, Malam."

"Allah ya sa muna raye."

Kafin na uku ya sauka Liman ya yi gyaran murya. "Alhaji, ko za a samu ɗan sukari? Abin da ɗan ƙarfi." Alhaji ya kai sukari. Alhaji Sanusi ya ce shi madara. Alhaji ya kai madara. Hannun rigarsa ya zamo, ya naɗe, ya sake zamowa. Wata jar fitila ta kama a goshin inji, ruwa ya ƙare. Ya zuba ruwa. Wata ta kama, tuƙar gahawa ta cika, sai an zubar. Wani matashi cikin masu zama ya miƙe ya ce, "Alhaji, kawo in karɓe ka."

"Kada ka taɓa! Zauna!"

Ya zaro 'yar tasar tuƙar da kansa, ya kai waje, ya dawo da baƙin tabo a gaban riga. Fanka na juyawa amma zufa ta jiƙa masa hula. Waɗanda suka sha sun gama suna kallon sili, waɗanda ba su sha ba suna kallon wanda aka ba kafin su, kowa yana auna matsayinsa a zuciyar mai gida. Hira ta mutu. Abin da ake ji kawai gurnani da ɗigowa.

A nan Gide ya tofar da tuƙar goronsa a hankici, ya ɗaga murya kamar yana bakin tasha.

"Mai shayi!"

Kowa ya waiwayo.

"Mai shayi, nawa ka fasa mani ƙwai uku, ka yanko biredi na tsakiya. Wanga inji shina dafa indomi?"

Wani ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari.

"Gide, ba ka san abin ci gaba ba," in ji Alhaji, yana murmushin dole.

"Na gani hwa. Gwaggo ta haifi dillalin taki, Abuja ta maido muna da mai tebur. Ka yi magana mana, ɗan'uwa, in kasuwa ce ta juya. Ni zan ba ka benci biyu, Malam Yahuza ya rubuta maka allo."

"In na samu nawa kofin zan rubuta," in ji Malam Yahuza.

Dariyar da ake ta dannewa ta ɓalle. Har Liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Suwaibatu ba ta yi dariya ba. Tana dai tsintar shinkafar da ba ta da tsakuwa.

Ana cikin haka aka yi sallama. Mas'ud ne, ɗaya daga cikin 'yan dakon da ke sauke wa Alhaji buhunan taki, dattijo mai furfura, jikinsa duk farin gari. Ya durƙusa bakin ƙofa ya ce mota ta iso shago, ana jiran mabuɗi.

"Shigo, Baba, shigo!" in ji Gide. "Ka zo a sa'a. Yau Alhaji da hannunshi yake rabo. Ko ba a ba talaka, Alhaji? Malam Liman, mi addini ya ce a kan wanda ya tarar ana sha?"

Liman ya ce ai baƙo da haƙƙinsa.

Babu mafita. Duk wanda ya yi sallama ya tarar ana sha, a gidan nan ba a taɓa barinsa ya fita haka ba, kuma Alhaji da bakinsa yake alfahari da hakan. Ya danna. Duk falon ya jira tare da shi. Ya ɗauki kofi ya nufi ƙofa, ya sunkuya don ya miƙa. Mas'ud, da bai taɓa ganin haka ba tunda yake, kunya ta kama shi, ya ƙara yin ƙasa yana cewa, "A'a, ranka ya daɗe, a'a, wallahi na ƙoshi." Alhaji ya ƙara sunkuyawa. Mas'ud ya ƙara yin ƙasa. Suka yi ta bin juna har hular Alhaji ta faɗo ta gangara kan dadduma.

"Tsaya haka, kada ka motsa!" in ji Gide, ya zaro waya. "Bari in ɗaukar wa Hajaratu, ba za ta yarda ba in na faɗa da baki."

Majalisar ba ta kai magariba ba. Wasu sun tafi ba su sha ba, suna cewa ba komai da irin muryar da ke nufin akwai komai. Malam Yahuza ya samu kofinsa daga ƙarshe, ya ajiye shi a ƙasa cike, ya yi sallama a taƙaice.

Bayan an dawo masallaci Alhaji ya shigo cikin gida, ya canza riga, ya tsaya bakin kicin yana kallon bango.

"Injin nan na duba shi da kyau," in ji shi. "Ba a yi shi don gidan mutunci ba. Na otal ne, inda ba wanda ya san wani."

"Kai ka fi sani, Alhaji."

"Jan nan kuma ɓata lokaci ne. Butar nan fa? Ya ce tana ɗaukar na mutane da yawa?"

"Haka na ji ya ce."

"To ita za a bari. A nan kicin. Ki riƙa dafawa kina juyewa a fulas, a fito da shi a faranti yadda aka saba." Ya rage murya. "In an tambaya, injin yana cikin gida."

"Wa zai tambaye ni, Alhaji?"

"Kuma nawa ki cika madara. Ki rage gahawar sosai. Ko ma dai..."

"In zuba maka shayinka a kofinka daban?"

Ya gyara hula. "Kin dai gane." Ya juya ya fita.

Ta bi bayansa da kallo. Ta gaya masa sana'arta za ta mutu, ya yi dariya. Ya san maganin tsohuwarta daga firizar nan yake fitowa, bai ɗaga kai ba. Sunkuyawa ɗaya gaban ɗan dako ita ta yi abin da duk wannan bai yi ba. Ta so ta ji daɗin nasararta, sai ta tarar rainin ya cika wurin, bai bar wa daɗi gurbi ba. Ga kuma sabon aiki ta jawo wa kanta, dafa baƙin ruwan da ba mai so, kullum, don a ce gidan Alhaji Nata'ala gahawa ake sha.

Ta buɗe firiza. Zoɓon bai yi komai ba, amma kunun ayar ya kumbura a leda. Ta fasa ɗaya ta shinshina, ya yi tsami. Ta kwashe duka ta juye a kwata, ta wanke cikin firizar, ta goge da tsumma, ta naɗe wayar ta ajiye a kan murfi inda hannunta zai fara kaiwa in rana ta fito. Sannan ta jawo buhun aya, ta auna a roba, ta zuba ruwa ta jiƙa ta gobe.